WALDAR BAHAGO

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun safe wai na bar ku a rataye, na gani, ku yi haƙuri. Ke kuma da kika rantse mijin Malama ne mugun labarin nan, ajiye rantsuwarki, bawan Allah wata biyu ke nan yana wajen aiki, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ga waɗanda suka shigo yau: Auta, 'yar Malama mai shekara shida, wata huɗu ke nan tana fama da ciwon kai da amai da barcin da ba na Allah da Annabi ba. An yi gwaji har an gaji. Jiya likita ya ajiye biro ya ce, "Wai a ina ciwon yake kama ta?" Malama ta buɗe baki za ta ce ko'ina, sai ta tuna kullum a hanyar makaranta ne, a kujerar bayan motarta. Yau ta sa Auta a motar maƙwabta zuwa makaranta, ta ɗauki hutu a wajen aiki, ba ta gaya wa kowa inda za ta ba.

*

"Hajiya, taho kaɗan. Kaɗan kuma. Tsaya!"

Malama ta taka birki. Tsohuwar ƙaramar jif ɗin ta tsaya a kan ramin gyara tana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Mai gyaran salansar mota ya zagayo yana goge hannu. Dattijo ne siriri, baƙin gilashin walda a goshi, irin mutanen nan da ba sa gaggawar magana.

"Me take yi?"

"Malam, ka ce me ba ta yi. In na tsaya a danja sai ta kama rawa. Mai kuwa kamar a rariya nake zubawa. Baƙin mai duk sati biyu sai an ƙara. Ranar da aka yi ruwa, in ta mutu sai da turi."

"Ƙara fa?"

"Tana wani fat-fat a ƙarƙashi in ta yi zafi."

"Wa ke duba miki ita?"



"Yayana."

"Na jini?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Bakanike ne."

Ya kalle ta, ya kalli motar.  Wadda yayanta ke da gareji me ya kawo ta ƙarshen gari wajen baƙo? Ita ma ta san tambayar ke nan, shi ya sa ta kau da kai.

Ya ɗauki tocila ya sauka ramin.

Ta ji yana ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙwas, ƙwas.  Ya sake ƙwanƙwasawa. Can ta ji ya ja tsaki a hankali, irin tsakin da mutum ke yi shi da kansa.

Ya leƙo da kai.

"Hajiya, wa ke zama a baya, ta hagu?"



"Me ya sa ka tambaya?"

"Ki dai faɗa min."

"'Yata ce."

"Tana yawan barci a mota?"

Malama ta dafa ƙofa. Ba ta gaya masa komai game da Auta ba, ko kalma ɗaya.

"Malam, don Allah fito ka yi min bayani. Me ka gani?"

Ya fito. Ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga kujerar, ya yaye kafet ɗin ƙasa. Ga rami nan, tsatsa ta ci ƙarfen, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Gefensa duk ya yi baƙi ƙirin. Kusa da shi ga hular biron Auta da guntun kwalin alewa.

"Tayar da ita."

Ta murɗa makulli. Ya dunƙule tsumma ya je ya toshe bakin salansa ta baya, ya danne da takalminsa.

"Zo ki gani."

Hayaƙi ne shuɗi-shuɗi yake tasowa ta ramin, siriri, a natse, daidai inda ƙafafun Auta ke lilo kullum.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Wannan da kike gani ma mai sauƙi ne, baƙin mai ne injin ke ƙonawa. Mugun ba a ganinsa, ba ya wari. Shi ke sa ciwon kai. Shi ke sa barci."

Ta kashe motar. Wata huɗu! Wata huɗu tana ɗauko yarinya daga asibiti ta kwantar da ita a kan ramin nan, har tana cewa ta kwanta sosai ta huta. Ni kaina da nake rubutawa abin ya tsaya min a rai.

"Tsufa ne ko? Motar ce ta tsufa?"

"Ramin dai tsufa ne. Amma rami ba ya haifar da hayaƙi, sai in hayaƙin ya samu hanyar fita a inda bai kamata ba."

"Ban gane ba."

"Kowace mota irin wannan tana da wata tukunya a tsakiyar bututun salansa. Ita ke tace hayaƙi kafin ya fita."

"To?"

"Taki babu."

"Kamar yaya babu? Faɗuwa ta yi?"

Ya yi murmushin da ba na daɗi ba.

"Ba ta faɗuwa, Hajiya. Yanke ta ake yi. An yanke taki an jona guntun bututu a wurin. Ta bakin jonin hayaƙin ke fita."

"A yanke a yi me da ita?"

"Akwai masu saye."

Ya faɗa a taƙaice yana kallon ƙasa.

"Wutar inji ba ta kama miki a gaban sitiyari?"

"Da tana kamawa, wata 'yar rawaya. Tun bara ta daina. Yaya ya ce ya gyara."

Ya zura kai ta taga, ya haska tocila a karkace cikin gilashin agogon mota.

"Matso."

Ta matso. A can kusurwa, a cikin gilashin, ga ɗan guntun baƙin salatif an manna shi tsaf.

"Ba ta daina kamawa ba. Rufe mata ido aka yi."

 Ta tuɓe takalmi, ta tattare mayafi.

"Zan shiga ramin."

"Hajiya, kayanki..."

"Su ɓaci. Gani ya kori ji."

Ta sauka, ƙafarta cikin baƙin mai da ƙasa. Ya haska mata. Ita dai ba ta san kan mota ba, amma ko makaho ya shafa ya san wurin nan daban yake. Bututu ne ja da tsatsa a tsakanin masu toka-toka, bakinsa biyu an yi musu ɗinkin ƙarfe, a kai kuma an lafta wani abu fari da ya bushe ya tsattsage.

"Wannan farin fa?"

"Gam ne na salansa. Kwana kaɗan yake yi zafi ya fasa shi." Ya kankare da farce. "Kin ga wannan sabo ne. Ga na ƙarƙashinsa. Ga wani. Ga wani kuma. Sau huɗu aka shafa."

Sau huɗu. Daga bara zuwa yau sau huɗu ta kai wa Yaya motar sabis.

"Ke nan mai shafawar ya san tana yoyo."

"Ni dai ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba. Wa ya yi waldar?"

"Haba Hajiya, garin nan masu walda nawa ne?"

"Malam, ka ji tsoron Allah. Tun ɗazu kake kallonta kamar ka san ta."

Ya sosa ƙeya.

"Ban san mutumin ba. Amma mu a wurinmu walda rubutun hannu ce. Dubi yadda ƙarfen ya kwanta, layi bisa layi. Mai hannun dama daga nan yake farawa ya ja zuwa nan. Wannan daga can ya faro. Bahago ne."

Ta runtse ido.

"Kuma ya san aiki, ba ɗan koyo ba ne. Sai dai hannunsa na rawa lokacin da yake yi. Shi ya sa ya bar ƙofofi."

"Dole ya yi rawa," ta ce a hankali. "Hannun da ke cin amana dole ya yi rawa."

Duk gidansu bahago ɗaya ta sani. Wanda Inna ta yi ta bugun hannunsa a kan kwano har ta haƙura. Wanda ya goya ta ya kai ta makaranta ranar farko. Yaya.

Ta fito daga ramin.

"Bari in yanke in sake miki ita yanzu, in toshe ramin. Awa biyu ta isa."

"Kar ka taɓa."

"Hajiya?"

"Na ce kar ka taɓa min komai. In ka gyara zai ce sharri ne. So nake mai aikin ya shiga rami ya kalli aikinsa a gabana."

"To ki sauke gilasai duka huɗu. Kuma kada ki sa kowa a ciki."

"Ba wanda zai shiga."

Hausawa suka ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Amma wa zai tsaya yi wa uwa wa'azi bayan ta ga abin da ta gani? Ta ja mota ta fita ko sallama babu.

*

Ɗaya ta wuce lokacin da ta iso gidansu. Garejin Yaya a jikin gidan yake, rumfar kwano ce da rami ɗaya da ɗakin ajiyar kaya a can ciki. Asali na Baba ne. Shekara talatin da wani abu ya yi yana tuƙi da gyara kafin ido da hawan jini su zaunar da shi. Jif ɗin ma tasa ce, shi ya ba ta lokacin da ta fara koyarwa.

Yana zaune a benci a ƙofar gida, rediyo a cinya.

"A'a, Malama da rana tsaka? Yau ba makaranta?"

Ta durƙusa a tsaitsaye.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Ina amaryata? Ya jikin nata?"

"Da sauƙi. Tana makaranta."

Ba ta tsaya ba. Ko makullin ba ta zare ba, ta wuce rumfa.

Yaya na sunkuye cikin bonet ɗin wata mota, sifana a hannun hagu. Ta tsaya tana kallon hannun kamar yau ta fara ganinsa.

Ya ɗago yana dariya.

"'Yar boko! Me ya sami ƙafarki? Rijiyar baƙin mai kika faɗa?"

"Yaya, zo ciki. Magana ce."

"Faɗi mana, ina ji."

"Ba a gaban Baba ba."

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye sifana ya bi ta ɗakin ajiya. Ta turo ƙofa. Ɗakin duhu-duhu, warin gas da tsofaffin tayoyi, ga hadari ya fara rufe ɗan hasken da ke shigowa ta taga.

"Lafiya dai? Jikin Auta ne?"

"Kar ka kira sunanta."

"Ke!"

"Ina tukunyar salansar motata?"

 Idonsa ya tafi ƙofa ya dawo. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

"Wa ya gaya miki wannan maganar?"

"Ba ka ce ƙarya ba ne. Ka ce wa ya gaya min."

"Wurin wa kika kai motar?"

"Wurin mai tsoron Allah."

"Kika tsallake ni kika kai wa bare? Ni?"

"Da ban kai ba da har yanzu ina nan ina ce maka sannu da aiki. Wa ya manna salatif a kan wutar inji?"

Ya kau da kai.

"Yaya, wa ya manna?"

"Ni ne."

"Wa ke shafa gam duk sabis?"

"Ni ne."

Ta ɗauka zai musa. Da ya musa ma da ta fi jin sauƙi. Hawaye suka zubo mata, na baƙin ciki zalla.

"Me na rage ka da shi? Da ka ce kana cikin matsi wallahi motar sukutum zan ba ka. Sai ka yanke ka sayar, ka bar ni ina yawo da..."

"Sayar? Ni na sayar?"

"To kyauta ka bayar?"

"Ɓarawo kike ce min?"

"Waldar bahago ce, Yaya! Na shiga ramin da ƙafata na gani. Bahago nawa ne a gidan nan?"

Ruwa ya fara sauka a kan kwano, ɗis, ɗis, sannan ya ɓarke gaba ɗaya. Sai da suka riƙa ɗaga murya.

Yaya ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya, ya durƙusa, ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin kanta. An ɗaure bakinsa da igiya tamau. Ya kwance ya zazzage a gabanta.

Wani ƙarfe ya faɗo mai kumburarren ciki, bakinsa biyu da sawun zarto.

"Ga tukunyarki. Ɗauki ki kai wa masu sayen."

Ta tsaya sororo.

"Leƙa cikinta. Leƙa mana! Kin ga haske ta ɗaya bakin?"

Ta leƙa. Baƙi ne cunkus.

"Toshewa ta yi. Kin tuna bara da kika tafi makin jarrabawa kika bar motar nan sati guda? Kin tuna ko gadar sama ba ta iya hawa sai tana nishi?"

"Na tuna."

"Ringin injin ne suka cinye. Tana ƙona baƙin mai, hayaƙin ya toshe tukunyar. Na ce sai an sauke inji, a sa ringi, a nemo wata tukunyar."

"Sai ka ga yankewa ta fi sauƙi."

"Bahago biyu ne a gidan nan."

"Me ka ce?"

"Na ce mu biyu ne. Ke 'yar boko yaushe kika taɓa tsayawa a rumfar nan kika ga wanda ya koya min aiki yana aiki? Da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa, don da bulala aka raba shi da hagu tun yana yaro. Amma ƙarfe bai taɓa riƙe shi da dama ba."

 Ta zauna a kan taya.

"Baba?"

"Baba."

"Ƙarya ne. Baba ko zare ba ya iya sa wa allura."

"Shi ya sa waldar ta fito haka."

Ya jingina da kanta, ya share fuska da gefen riga.

"Da na ce a sauke inji, sai ya ce mu yaran yanzu komai sai mun sauke inji. Wai a zamaninsu wace mota ce ke da tukunya, kuma har iyaka suke kaiwa su dawo. Wai shaƙe ta aka yi, a buɗe mata maƙogwaro kawai. Na ce Baba ba haka ba ne. Ya ce to, je ka kasuwa ka tambayo ringin. Aikena ya yi don in bar wurin."

"Kai kuma ka tafi."

"Uba ya aike ki ki ce ba za ki ba? Kafin in dawo ya yanke, ya jona, ya yi walda. Na same shi cikin rami, gumi har ƙafa, yana dariya. Rabon da in ga haƙoran Baba haka tun ranar da likita ya ce ya ajiye aiki. Ya tayar da ita, ya taka, ta amsa. Har maƙwabta ya kira su zo su ji."

"Ka duba aikin?"

"Shi ya miƙo min tocila da hannunsa. Ya ce, shiga ka duba, in da gyara ka faɗa."

"Ka ga ƙofofin?"

"Na gani."

"Ka ce me?"



"Na ce, Baba, babu gyara."

Malama ta dafe kai da hannu biyu. Da fushi ta zo, ta tanade shi tun daga ƙarshen gari, yanzu ta rasa inda za ta sauke shi.

"To da ya shiga gida me ya hana ka yanke ka sake? Wa zai sani?"

"Shi zai sani. Duk ranar da kika kawo sabis, kina shiga wajen Inna yake saukowa rami da tocila ya duba waldarsa. Ya shafa ta ya ce, ka gani ko, har yau tana nan. In na sake, kallo ɗaya zai yi ya gane hannuna."

"Sai me in ya gane?"

"Ba za ki gane ba."

"Fahimtar da ni!"

"A sana'ar nan yaro ba ya yanke waldar wanda ya koya masa. Ko a garejin wani ne, balle ubanka. In ka yanke, ka gaya masa ke nan ya gama, ya tashi daga layin masu aiki. Wallahi gara in zage shi da in yi masa haka. Shi ya sa nake bi da gam, in ce masa maganin tsatsa ne."

"Salatif ɗin fa?"

"Tunda aka cire tukunyar wutar ta ƙi mutuwa. Ya ce wutar banza ce, za ta tayar miki da hankali, in rufe."

"Ka rufe."

"Na rufe. Na yi laifi, na sani. Amma me ya yi zafi haka? Ɗan yoyo ne a ƙarƙashin mota, iska na kwashewa. Ƙara ce kawai da shan mai. Da ma jira nake ki yi hutun zango in ce injin ya buga, in sauke komai lokaci ɗaya, waldar ta tafi a ciki ba tare da ya ji ciwo ba. A kan wannan za ki kira ni ɓarawo?"

Sai a lokacin ta gane. Bai sani ba. Wallahi bai sani ba.

"Yaya, ka taɓa ɗaga kafet ɗin baya?"

"Na me?"

"Akwai rami a ƙarƙashin kujerar. Tsatsa ta cinye wurin."

Ya ƙura mata ido.

"Ta wane ɓangare?"

"Hagu."

"Bayan jonin?"

"Daidai bayansa. Gefen ramin duk baƙin hayaƙi ne. Mutumin ya toshe salansa na ga yana tasowa da idona."

Ta ga lokacin da maganar ta isa inda za ta. Bakinsa ya buɗe, ya rufe.

"Wa ke... a'a. A'a. Ba dai ciwon Auta ba?"

Ta gyaɗa kai.

"Wata huɗu, Yaya. Jini nawa aka ɗiba a jikin yarinyar nan. Har cewa aka yi iska ce, har cewa aka yi baki ne. Inna ta ce in daina bari iska na bugunta, na riƙa rufe gilashi tun daga gida har makaranta."

Ya zame ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, cikin ƙura da ƙusoshi.

"Ni na kashe ta. Da hannuna."

"Ba ta mutu ba, ka daina faɗin haka."

"A cunkoso take yin barcin ko?"

"Kullum. Daga mun tsaya a layin danja sai ta langaɓe."

"Dole. In mota na gudu iska na kwashe rabi. Amma a tsaye, inji na aiki, gilashi a rufe, duk abin da ya fito ciki yake taruwa. Babba ma in ya daɗe a haka ba ya tashi, balle yaro." Ya buga kansa da bango. "Na san wannan. Na san shi tun ina ɗan koyo. Kunyar Baba ta rufe min ido."

Tausayinsa ya kama ta, duk da ranta bai gama hucewa ba. Ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa.

"Ka yafe min zargin da na yi maka."

"Ke za ki yafe min."

"Yanzu wa zai gaya masa? In ya ji waldarsa ce ta kwantar da amaryarsa, hawan jinin nan..."

"Ni zan faɗa. Ni na ce babu gyara, ni zan ce akwai."

Ya miƙe. Ya zaro zarton ƙarfe daga jikin bango, ya ɗauki gilashin walda.

"Yau zan yanke ta, a gabansa. In ya ga dama ya tsine min. Kawo makullin in hau da ita rami."

"Yana jiki."

Ya buɗe ƙofa. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, rumfar duk ta jiƙe, ko ƙetaren titi ba a gani sosai. Suka fito bakin rumfa.

Malama ta duba dama. Ta duba hagu.

Inda ta ajiye motar babu komai sai ruwa da ke gudu.

"Yaya, ka matsar da ita ne?"

"Ina tare da ke, yaushe?"

Bencin Baba ma babu kowa.

Da gudu suka faɗa gidan. Inna na baranda tana jawo bokitai ƙarƙashin indararo.

"Inna, ina Baba?"

"Kai, wannan shigowa haka ba sallama? Ya tafi ɗauko amaryarsa. Ya ce biyu ta kusa, ga hadari, ku kuma kun shige ɗaki kuna ta faɗanku na sako da sako. Da ya ga makulli a jiki har rawa yake."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon yayyafi. Yanzu ai sun ma kamo hanya."

Yaya ya riga ya zaro waya yana danne-danne. Inna ta yi dariya.

"Wa kake kira? Ga tasa can a ɗaki tana caji. Ku kwantar da hankalinku, na ja masa kunne sosai. Na ce idon nan naka ba na tuƙi cikin ruwa ba ne, in ya yi ƙarfi ka samu gefen hanya ka tsaya har a ɗauke. Na ce ka rufe gilasan nan ruf kada sanyi ya taɓa yarinya. Ya ce zai tsaya, amma ba zai kashe injin ba, don in ta mutu cikin ruwa ba ta tashi."

Zarton ya suɓuce daga hannun Yaya.

Inna ta ajiye bokiti, ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"Lafiya kuke kallona haka?"